Rabon Gwaggo Hure

Ranar da Tahira ta fara ganin Abdulrashid, ƙarya ta yi masa.

Damina ce, gero ya kai ƙugu. Tana dawowa daga firamaren da take koyarwa a Tsamiyar Liman, wani ƙauye a ƙasar Tofa, sai ta tarar da wani saurayi tsaye a mararraba, ɗan acaɓa ya sauke shi ya wuce. Farar shadda ce a jikinsa, ga jaka a rataye, yana ta waige-waige.

A kwanakin magana ɗaya ake yi a garin. Wani kamfani ne yake so ya karɓi hayar gonakin gabas, ya jera farantan sola ya samar da wuta. Mutanensa sun sha zuwa aune-aune, har sun tattake wa mutane shuka. Kallo ɗaya Tahira ta yi wa saurayin ta yanke cewa cikinsu yake.

"Salamu alaikum, Malama. Don Allah ina ne gidan Malam Abdulƙadir, limamin gari?"

Mahaifinta yake nema. Gidan ga shi can ana hangen ƙofarsa.

"Bi nan," ta ce, ta nuna masa hanyar da ta gangara fadama ta zagaya bayan gari. "Ka miƙe kawai."

Ya yi godiya har da ɗan rusunawa. Ta bi bayansa da kallo, tana jin daɗin abin da ta yi, duk da dai ta lura cewa idanunsa ba su yi kama da na mugu ba.

Bayan la'asar mahaifiyarta, Inna Furera, ta miƙa mata kwanon fura.

"Kai zaure. Lauyan da ƙungiyar manoma ta ɗauko daga Kano ne ya iso, wanda zai duba mana maganar kamfanin nan kada a cuce mu."

Tana ɗaga labulen zaure ta gan shi. Farar shaddar ta koma ja har gwiwa, takalmansa suna bakin ƙofa kamar an tsamo su daga kududdufi. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mata.

"Dubi yadda baƙonmu ya sha wahala," in ji Malam. "Wai wani ne ya tura shi fadama. Ɗan wane gida ne, Barista?"

Abdulrashid ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kansa ƙasa.

"Ni ne ban fahimci kwatancen ba, Malam."

Tahira ta ajiye kwanon ta fice, tana ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Guje masa bai yiwu ba. Ita ce mai Turanci a gidan, don haka Malam ya ce ta riƙa zama tana taya lauya mayar da yarjejeniyar kamfanin Hausa, yadda kowa zai ji da kunnensa. Duk Asabar Abdulrashid yakan zo, a shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, manoma su kewaye shi.

Ba ya ɗaga murya. Yakan ce musu haya daban, sayarwa daban, su tabbata kalmar haya ce aka rubuta. Ya ce su tambayi wa zai tone turakun ƙarfe da siminti ranar da wa'adi ya cika, don gona ta sake nomuwa. Ya nemi a bar wa shanu burtali, a kuma rubuta cewa asibitin gari da famfon burtsatse za su sami wuta.

"Abin da aka faɗa muku da baki, in ba a rubuta ba, babu shi," in ji shi. "Kuma kada kowa ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa ba."

Tahira tana gefe tana rubutu, ba ta yarda su haɗa ido. Wata Asabar bayan ya tafi, saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Tahira, na sami lambarki a wurin Ɗanliti shugaban ƙungiya, da sunan aiki. Amma gaskiya ba aiki ne ya sa na nema ba. Har yaushe za ki riƙa magana da littafinki maimakon ni?"

Ta daɗe tana juya wayar kafin ta rubuta:

"Kunyarka nake ji. Ka yafe mini abin da na yi maka."

"Na yafe tun ina cikin taɓon. Ina tafiya ina cewa, Allah Ya sa in sake ganin mai kwatancen nan."

Ta kifa fuskarta a filo tana murmushi, kamar wani yana kallonta.

Bai tsaya ɓoye-ɓoye ba. Ya tura Ɗanliti wurin Malam neman izini, Malam ya ce ba komai, yaron yana da natsuwa. Daga nan in an tashi taro, sai a shimfiɗa masa darduma a ƙofar gida, ta fito da mayafinta su ɗan taɓa hira kafin magariba. Yana ce mata Malamata, ita kuma da ƙyar ta iya daina ce masa Barista ta koma Yaya Abdul.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba. Kamaruddeen ɗan garin ne, kamfanin ya ɗauke shi wakili tsakaninsa da manoma, ya ba shi sabon babur. Ya daɗe yana aiko wa Tahira da saƙo tana kaucewa.

Wata yamma suna hira, Abdulrashid ya tambaye ta wa ta fi shaƙuwa da shi a dangi.

"Gwaggo Hure, ƙanwar Baba. Tana Shanono, tun da mijinta ya rasu ƙuli-ƙuli take yi. Su biyu kaɗai kakanmu ya bari. Ita ta koya mini tsinkar zogale a gonar gabas ɗin nan."

"Gonar ta kakanku ce?"

"Tasa ce."

"An raba gadon?"

"Wane irin rabo kuma? Baba ne yake nomawa, duk kaka yana aika mata da hatsi."

Fara'arsa ta ragu.

"Lafiya, Yaya Abdul?"

"Lafiya lau, Malamata. Akwai maganar da zan yi da Malam."

Ta ɗauka maganar aure yake nufi, ta rufe fuska da mayafi. Ta ga ya shiga zaure a makon, ta ga ya sake shiga a na gaba, kullum ya fito yana share gumi. Ba ta tambaya ba.

Ranar sa hannu gari ya cika. Manyan kamfanin sun zo, dagaci yana kan kujera, mata suna daga baya. Tun kafin a gama karanta yarjejeniyar, Kamaruddeen ya ɗauki takarda da biro ya durƙusa gaban Malam.

"Malam ne ubanmu, shi zai fara, sauran mu bi."

Malam ya karɓi biro. Tahira ta ga Abdulrashid ya miƙe tsaye.

"Malam, a gafarce ni. Kada ka sa hannu tukuna."

"Saboda me?"

"Gonar ba taka ba ce kai kaɗai. Gado ce da ba a raba ba, Hajiya Hure tana da rabo a ciki. In ka sa hannu ba da izininta ba, a shari'a da a doka hayar ba ta inganta ba."

Malam Abdulƙadir shi ne mai karantar da rabon gado a zaurensa, shi ake kira in an yi rasuwa a ƙauyukan kewaye. Can baya wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Malam ya ajiye biron a kan tabarma a hankali, ya sa takalmansa, ya nufi gida bai dubi kowa ba. Taro ya watse, domin mutanen kamfanin sun ce ba za su karɓi gonar da ke da magana a kanta ba.

Tahira ta sunkuyar da kai. Ita kaɗai ta san daga bakin wa maganar ta fita.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. Malam ya bar wa na'ibi limanci, ya ce jikinsa ba daɗi. In ta fita makaranta sai ta ga mata a bakin rijiya sun yi shiru har ta wuce. Ta daina kai abinci zaure. Ta ji Malam yana gaya wa Inna, "Yaron nan kada ya sake tsaya mini a ƙofar gida."

Kamaruddeen kuwa ya tare ta a hanyar makaranta, ya kashe babur.

"Kin gani ko? Aikin lauya ke nan. Ya zauna da ke yana ce miki Malamata har ya kwashi sirrin gidanku, ya je ya zazzage a bainar jama'a don a ce ya iya aiki."

Ta wuce shi, amma maganar ta zauna mata. Da ta isa gida ta tarar da saƙo.

"Malamata, na san na yi laifi. Sau da yawa na shiga wurin Malam da niyyar in gaya masa a keɓe, nauyinsa ya hana ni buɗe baki. Na ce sai an gama karatu in ja shi gefe, sai na ga biro a hannunsa. Ba zan iya kallonsa ya sa hannu a kan haƙƙin wani ba. Amma jinkirina ne ya jawo masa wannan kunyar, kuma ita nake kwana da ita."

Ta rubuta, hawaye yana ɗiga a kan wayar:

"Hira na yi da kai, ba shaida na bayar ba. Ka mayar da ni wadda ta tona wa mahaifinta asiri. Don Allah ka rabu da ni."

Ya amsa da layi ɗaya: "Zan bar ki ki huta, amma ban rabu da ke ba."

Ranar ta kasa haƙura. Ta shiga ɗakin Malam ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ni ce na gaya masa."

Bai ɗago daga littafin da ke gabansa ba.

"Na sani. Wa zai gaya masa in ba ke ba? Tashi ki je."

Da duka ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

Wata safiya tana sharar soron ciki, ta ji sallamar Kamaruddeen a zaure. Katanga ce kawai tsakaninsu, tana jin komai.

"Malam, na zo in fitar da kai daga wannan abin. Kamfani ba su san fuskar Gwaggo Hure ba. Yatsa kawai ake so. Inna Furera ta dangwala a madadinta, in kai musu, magana ta mutu. Wa zai sani?"

Tahira ta tsaya da sharar.

"Kamaru," in ji Malam, muryarsa can ƙasa, "a zauren nan ka yi karatu. Yanzu har na kai matsayin da ɗalibina zai zo mini da wannan, yana ganin zan karɓa?"

"Malam, ni taimako..."

"Tashi ka tafi. Allah Ya shirye mu, ni da kai."

Da ya shigo cikin gida idanunsa sun yi ja. Ya dubi Tahira, karon farko tun ranar taron.

"Ɗauko mayafinki. Za ki raka ni Shanono."

Sun tarar da Gwaggo Hure a tsakar gida gaban kasko, tana matse tunkuzar ƙuli-ƙuli. Ta yi murna, ta shimfiɗa tabarma, amma Malam ya ƙi hawa. Ya tsuguna a ƙasa gaban ƙanwarsa. Tahira ta kau da kai.

"Yaya Malam, mene ne haka? Tashi don Allah."

"Hure, shekara da shekaru ina noma gonarki ina aiko miki da hatsi kamar kyauta nake miki. Ina raba wa mutane gado, na bar na gidana. Ban yi nufin in ci ba, amma na ci. Ki yafe mini."

Gwaggo Hure ta goge hannunta da gefen zani.

"Labari ya zo mini," ta ce. "Na yi kuka da na ji an kunyata ka saboda ni. Amma tunda ka zo da ƙafarka, ba zan yi maka ƙarya ba. Na daɗe ina so in yi maganar. Lokacin da maigidana ya rasu na zo har zaurenka, na gaishe ka na dawo. Kunyarka ta hana ni."

Malam ya rufe fuskarsa da hannun riga.

"Na yafe maka duniya da lahira. Rabona kuwa ina so. Kuma kafin in ba wa kowa haya, a kawo mini lauyan nan ya yi mini bayani da bakinsa. Wanda ya tuna da ni bai taɓa ganina ba, shi zan saurara."

A motar dawowa, da suka kusa gida, Malam ya juyo wurin Tahira.

"Ki kira shi."

"Baba, ni ai..."

"Kina da lambarsa. Ki kira shi."

Ta kasa kira, sai ta rubuta: "Baba yana nemanka ranar Asabar."

Amsa ta zo nan take: "Zan zo. Ke fa, kina nemana?"

Ta kife wayar.

Ya zo ya rame. Ya cire takalma tun daga waje, ya durƙusa nesa da buzun Malam. Tahira tana bayan labule da Gwaggo Hure, wadda aka ɗauko tun jiya.

"Malam, na zo neman gafara."

"Ƙarya ka yi mini?"

"A'a, Malam. Amma a zauren nan ya kamata in faɗa, mu biyu. Na zo na kasa."

"Da ka faɗa a nan, wataƙila da na ce maka harkar gida ce, ka fita daga ciki," in ji Malam. "Ban sani ba. Na ji zafinka ƙwarai, Abdulrashid. Har yanzu in na tuna ranar nan jikina yana sanyi. Amma hannuna ka riƙe daga wuta. Matso kusa, aiki ne da mu."

Malam bai raba da kansa ba. Ya gayyato malamai daga maƙwabtan gari, aka auna gonar gaban dagaci, aka fitar wa Gwaggo Hure kasonta aka kafa iyaka. Abdulrashid ya zauna da ita ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce za ta ba da hayar rabi, rabi kuma gyaɗa za ta sa.

Washegari Malam ya koma limanci. Bayan sallar azahar ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Abin da kuka ji a kaina gaskiya ne, kuma na gyara. Duk wanda yake noma gonar da 'yar'uwarsa ke da rabo a ciki, ya san kansa. Kada ya jira a tashe shi a taro."

Kawuna da yawa suka sunkuya, har da na wanda ya yi dariya ran nan. Kafin kaka an raba gonaki a gidaje da dama, kuma ranar da aka sake zaman sa hannu, mata ne a sahun gaba, wasu daga garuruwan aurensu suka zo. Aka bar burtali, aka rubuta wutar asibiti.

Ranar ce Tahira ta yarda ta fito ƙofar gida. Ta zauna a bakin darduma tana wasa da gefen mayafi.

"Ba ki amsa mini tambayata ba, Malamata."

"Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Da wane ido zan dube ka?"

"Ni ma da nawa laifin. Maganarki ce, ya kamata in fara gaya miki abin da na gani a cikinta. Ba zan sake ɗaukar hirarmu in kai ko'ina ba sai da saninki."

"To na ji."

"Shi ke nan? Na ji kawai?"

Ta ƙara jan mayafin, muryarta da ƙyar take fita.

"Ina nemanka, Yaya Abdul. Kullum."

Bayan an kai amfanin gona gida, iyayensa suka zo daga Ungogo neman aure. Malam ya ce shi ba zai yi magana ba, Hure ce uwar yarinya, a tambaye ta. Gwaggo Hure ta ce ta bayar tun kafin su zauna.

Aka ɗaura aure wata Asabar da hantsi a ƙofar masallaci. A gabas an fara kafa turakun sola, gefe guda ga kason Gwaggo da aka bari don gyaɗa. Da la'asar aka kai amarya ɗakin mahaifinta sallama. Ta durƙusa tana kuka, Gwaggo Hure tana riƙe da kafaɗarta.

Malam ya ɗora hannu a kanta.

"Na juya miki baya a kan abin da ba laifinki ba, ki yafe wa tsohonki. Ban taɓa jin kunyar haihuwarki ba, ko sau ɗaya. Allah Ya yi miki albarka, Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuriya masu tsoronSa. Ki riƙe shi da kyau, mutumin kirki ne."

Gwaggo ce ta ce amin a madadinta.

A cikin mota wayarta ta yi motsi a ƙarƙashin lulluɓi. Ta buɗe a ɓoye.

"Amaryata, ina bakin ƙofa tun azahar. Abokaina sai tsiya suke mini, ban damu ba. Allah Ya kawo mini ke lafiya."

Gwaggo Hure ta leƙo ta ga hasken wayar.

"Shi ne ko? Ce masa ya kwantar da hankalinsa, ga mu nan. Allah Ya sa alheri, Ya bar ku tare har tsufa."

Tahira ta share hawayenta, ta rubuta masa: "Amin, mijina. Mun taho."